Kabad ɗin da ake haɗawa a gida: abin da yake iya ɗauka da inda yake gazawa

Kabad ɗin da ake magana a kansa shi ne wanda ake sayarwa a kwance cikin kwali, falle-falle, tare da ƙullin sukurori a leda da takarda mai zane-zanen yadda ake haɗa shi. Kamfanoni da dama ne ke yin sa, kowa da sunan da ya laƙaba masa, amma in aka buɗe kwalin kusan abu ɗaya ake tararwa: tsayi wajen santimita 180, faɗi 80, zurfi 40, ƙofa biyu, kanta huɗu a ciki, ɗaya a kafe, uku ana iya ɗaga su ko a sauke. Jikinsa allon garin katako ne da aka matse da gam, aka lulluɓe fuskarsa da melamin (wata siririyar fatar roba mai tauri), kaurinsa milimita 16 ko 18. Bayansa kuma wani siririn allo ne na milimita 3. Ana sayensa don ɗakin kwana, don sito, don ofis, har da bayan kanti.

Ya cancanci kuɗinsa ga wanda zai kafa shi a ɗaki busasshe, ya zuba masa tufafi, zannuwan gado, kwalaye marasa nauyi, ya kuma bar shi a inda aka kafa shi. A haka sai ya yi shekaru ba a ji kansa ba. Mai neman inda zai jibga fayiloli cike da takardu, ko gwangwanayen fenti, ko kayan ƙarfe, da mai yawan tashi daga wannan gida zuwa wancan, gara su dubi wani abin. Sannan yawancin ƙorafin da ake yi a kansa, in aka bi diddigi, tun daga ranar haɗawa aka jawo shi.

A fara da allon kansa. Garin katako da ɓarɓashinsa ake cakuɗawa da gam, a matse su da zafi. Duba bakin allon a inda ba a rufe ba, za ka ga hawa uku: fuska biyu na lallausan gari da aka matse tamau, tsakiya kuma manyan ɓarɓashi ne sako-sako. Daga nan duk halinsa ya fito. Sukurun da ya shiga ta fuska yana samun abin kamawa, wanda ya shiga ta baki kuwa cikin sako-sakon tsakiyar yake nutsewa, riƙonsa bai taka kara ya karya ba. Melamin ɗin fuska abin yabawa ne, ba ya shan ruwa, ba ya saurin karcewa, tsumma mai laima ya ishe shi tsabta. Allon kuma ba ya murɗewa ko tsagewa yadda ɗanyen katako ke yi in ya bushe. Nauyi dai akwai shi: murabba'in mita ɗaya mai kauri 18 yana kai kilo 11 zuwa 12, cikakken kabad kuwa kilo 50 ko fiye. Tayar da shi aikin mutum biyu ne.

Sabo yakan zo da wani wari mai ɗan yaji a hanci da ido. Sinadarin fomaldihaid ne da ke cikin gam ɗin yake fita. A nemi wanda aka rubuta E1 a kwalinsa, wato ajin Turai na allon da abin da yake fitarwa kaɗan ne, sannan a bar ƙofofi a buɗe na 'yan kwanaki a ɗaki mai shan iska kafin a sa tufafi.

Kayan haɗawa ba su da yawa: sukundireba mai kan gicciye lamba 2, gudumar roba, ƙaramar hama, tef ɗin awo, lebur, da farin gam na katako. A shimfiɗa kwalin a ƙasa a yi aikin a kansa, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ja dogon layi a fuskar ƙofa. A ƙirga ƙananan kayan tukuna, a ware su iri-iri, a kuma jera alluna a tantance na dama da na hagu, da bakin da aka rufe wanda shi ne zai dubi gaba. Kuskuren da aka fi yi shi ne juya kanta ta kafe baki a baya, ba a lura sai an buga ƙusoshin baya an gama. Ga masu sayen doguwar wadirob akwai wani lissafi: in a kwance za a haɗa ta sannan a tayar, ba tsayinta kaɗai ake aunawa da silin ba, layin da ya ratsa gefenta daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa. Mai tsayin 236 da zurfin 58 tana bukatar wajen santimita 244 kafin ta miƙe. In silin bai kai ba, a tsaye ake haɗa ta.

Abu biyu ne ke riƙe kowace gaɓa. Na farko turakun katako ne, kauri milimita 8, tsawo wajen 30, da ke shiga rami a alluna biyun. Na biyu makullin juyi ne: ana ɗaura wani dogon ƙarfe mai kai a fuskar allo ɗaya, kan ya shige ta bakin ɗaya allon, sai wani zagayayyen ƙarfe mai faɗin milimita 15 ya cafke shi in aka juya. Kamfanin Häfele na Jamus yana kiran nasa Minifix, sauran duk bisa wannan tsari suke. Turakun ne ke ɗaukar nauyi, makullin aikinsa ya jawo alluna su matse juna. Wanda ya tsallake turaku don yana ganin makulli ya wadatar, ya ɗora wa makullin aikin da ba nasa ba. Akwai 'yar kibiya a fuskar zagayayyen ƙarfen, ita ce za ta dubi inda dogon zai shigo. Juyi rabi ya isa. Da an ji ya cije a tsaya, domin ƙarfen mai taushi ne, in aka matsa masa sai ya dare, ko ya fizge dogon daga raminsa ya fito da gari. Injin ɗaure sukuru shi ya fi yin wannan ɓarna. In za a yi amfani da shi a rage masa ƙarfi zuwa ƙasa, a ƙarasa juyin ƙarshe da hannu.

Batun gam kuma ya danganta da niyya. Takardar kamfani sau da yawa ba ta ambace shi ba. In kabad ɗin ba zai sake warwaruwa ba, a ɗiga gam a ramukan turaku, ƙarfinsa zai ƙaru sosai, rangajin da ke zuwa bayan shekaru ma ba zai samu hanya ba. In ana sa ran wata rana a warware shi, a sa gam a gefe ɗaya kawai na kowane turke, ko a bar shi haka.

Sai allon baya, wanda raina kama ka ga gayya ne. Mutum na iya lanƙwasa shi da hannu ɗaya, shi ya sa ake buga masa ƙusa huɗu ko shida a kusurwoyi a wuce. Alhali gefe biyu da sama da ƙasa, in aka haɗa su su kaɗai, babu abin da zai hana su jirkicewa dama ko hagu. Tura shi da yatsa kafin a sa bayan, za ka ga yana lilo. Wannan siririn allon ne ke kulle kusurwoyi huɗun su tsaya cak, kuma a yadda ya same su a haka zai kulle su. In akwatin a karkace yake lokacin da aka buga ƙusa, a karkace zai zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Saboda haka kafin ƙusa ta farko, kabad na kwance rub da ciki, a ja tef daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, a rubuta, a sake ja daga ɗaya ɓangaren. Awo biyun su zo ɗaya, ko bambancin kada ya wuce milimita 2. In ɗaya ya fi tsawo, a tura kusurwar wannan ɓangaren ciki a hankali, a sake aunawa. Daga nan a buga ƙusa a kusurwoyi, a sake aunawa, sannan a bi layi ana bugawa duk bayan santimita 10 zuwa 15, a gefe biyu, da sama, da ƙasa, da kuma bayan kanta ta kafe. A ja layi da fensir a nuna tsakiyar kaurin allon da ke ƙarƙashi, wato milimita 8 ko 9 daga baki, a kuma miƙar da ƙusar sosai. In ta karkata sai ta ɓullo ta cikin kabad ta ɓalle melamin, kuma wannan tabon ba ya gyaruwa. Ƙusoshin da ke cikin ledar a yi amfani da su duka. Ba don ado aka zuba su da yawa ba.

Wasu samfuran ba ƙusa, allon bayan cikin wani tsagi yake zurawa, sai a ba da wasu ƙananan robobi masu sukuru da ake cusawa tsakanin allon da tsagin. Waɗannan robobin ne ake yawan gani sun rage a leda bayan an gama aiki, a zuba su a shara. In babu su, allon yana yawo ne a cikin tsagin, bai riƙe komai ba. Mafi rauni a duka shi ne bayan da ke zuwa a naɗe biyu da tef a tsakiya: da kaya sun tokare shi daga ciki sai ya buɗe. Mai son kabad ɗin ya daɗe, ya yanko filawud mai milimita 6 daidai girman bayan, ya ɗaure shi da ƙananan sukurori a madadin na kamfani. Babu gyaran da ke canza wannan kabad kamar wannan.

Alamar karkataccen akwati a ƙofofi take fitowa: ɗaya ta ɗara ɗaya tsayi, ko tsagin tsakaninsu ya buɗe a sama ya matse a ƙasa. Nan sai a ga mutum ya duƙufa kan hinji yana ta juya sukurori, alhali ciwon ba a can yake ba. Daɓe marar daidaito ma yana jawo haka ko da an haɗa akwatin da kyau. A ɗora lebur a kan rufin, gefe zuwa gefe da gaba zuwa baya, a cusa siririn katako ko roba mai tauri ƙarƙashin kusurwar da ta yi ƙasa. Kwali ba ya yi, yana lotsewa cikin 'yan makonni. Sai an gama wannan ake taɓa hinji.

Hinjin da ke zuwa da shi irin na ɓoye ne, mai ƙoƙon da ke nutsewa cikin rami mai faɗin milimita 35 a bayan ƙofa, yana buɗewa wajen digiri 110. Wannan ma'auni ɗaya ne kusan a ko'ina, don haka in na kamfani ya mutu ana iya sa na wasu kamfanonin hinji irin su Blum ko Hettich, a dai gwada tazarar ramukan sukurori da yadda ƙofar ke hawa kan gefe kafin a saya. Yana da saiti uku, kowanne yana motsa ƙofa wajen milimita 2: sukurun gaba yana kai ta dama ko hagu, na baya yana matso ta kusa da jiki ko ya nisanta ta, na kan farantin da ke manne a gefe kuma suna ɗaga ta ko su sauke. A fara da tsayi, a bi da gefe, a ƙare da zurfi, ana juyi kwata-kwata ana rufe ƙofar ana dubawa. Tsagin milimita 3 tsakanin ƙofofi ya yi.

Inda masu arha ke yin ƙwauro shi ne yawan hinjin. Ƙofa mai tsayin kusan 180 tana son huɗu, uku shi ne mafi ƙaranci. Wadda aka ba biyu kacal, nauyinta duka yana rataye ne a kan sukurori biyu na hinjin sama, su kuma cikin garin katako suke. Sannu a hankali ramin ya faɗaɗa, ƙofa ta sunkuya, wata rana ta taho da guntun allo a jikinta. Rataya jaka ko madubi a bayan ƙofa yana gaggauta hakan. In ramin ya riga ya ci, ƙara babban sukuru ɓata lokaci ne. A huda wurin da milimita 8, a buga turken katako da gam, a bar shi ya kwana, a yanke shi daidai da fuska, a huda siririn rami a sake ɗaurewa. In wurin ya ɓalle da faɗi, akwai farantin ƙarfe na gyaran hinji da ke rufe ramin ya kama lafiyayyen allo a kewaye.

Kantoci su ne inda kabad ɗin ya fi ba mutane kunya, kuma lissafin a fili yake. Takarda A4 mai giram 80 nauyinta giram 5 ne, rim guda mai 500 kilo biyu da rabi. Babban fayil mai ƙarfen maƙalewa, mai kaurin santimita 7.5 zuwa 8, in ya cika yana kai kilo 3. Cikin kabad mai faɗin 80 bai wuce 76 da 'yan kai ba, wato fayil tara ko goma a layi, kilo 27 zuwa 30 ke nan a kan kanta ɗaya. Kilo 30 shi ne iyakar da IKEA, kamfanin kayan ɗaki, ta rubuta wa kantarta mai suna BILLY mai faɗin 80, wadda don littattafai aka yi ta. Yawancin kabad na kwali masu allon 16 abin da ake rubuta musu bai kai haka ba, wasu ma ba su rubuta komai. Layi ɗaya na fayiloli ya kai su bango ko ya wuce.

Abu biyu ke hukunta lanƙwasar kanta, faɗi da kauri, kuma ba a hankali suke hawa ba. In aka cika kanta biyu da kaya iri ɗaya daga gefe zuwa gefe, mai faɗin 80 za ta yi ciki fiye da ninki uku na mai faɗin 60. In aka ninka faɗin sau biyu, lanƙwasar sau 16 take ninkuwa. Ta wajen kauri kuma, milimita biyun da ke tsakanin 16 da 18 suna ƙara tauri da wajen kashi 40 cikin ɗari, allon 25 kuwa ya fi na 18 tauri kusan ninki uku. Shi ya sa kabad biyu masu faɗin 40 ko 50 suka fi ɗaya mai faɗin 90 ko 100 amfani ga mai kaya masu nauyi, ko da a ido babban ya fi cika ɗaki. Sannan wannan allo yana da wata ɗabi'a: ranar farko zai ɗauki kayan kamar ba komai, amma yana ci gaba da sunkuyawa kaɗan-kaɗan wata da watanni ko ba a ƙara masa ko tsinke ba, kuma in ya lanƙwashe ba ya komawa. Iska mai laima tana ƙara masa saurin hakan. In cikin ya yi yawa, bakin kantar na iya zamewa daga kan 'yan ƙarafan da ke tallafe ta, ta rufto kan ta ƙasa, ita ma ta bi.

Maganin ba shi da wuya. A manna sandar katako mai ƙwari, santimita 2 da 4, a tsaye ƙarƙashin bakin kanta na gaba, da gam da sukurori, ko a sa ƙarfen alminiyam mai kusurwa. Ko a yanka allo a tsayar da shi a tsakiya daga ƙasan kabad zuwa ƙarƙashin kanta, a raba faɗin biyu. In an sa bayan filawud, sukuru biyu ta baya cikin bakin kantar suna tallafe ta. Juya kantar da ta yi ciki a kife yana sayen lokaci ne kawai. 'Yan tallafin kanta kuwa, in na roba ne a canza su da na ƙarfe. Ramukansu milimita 5 ne, a jere da tazarar 32, ma'aunin da masana'antun kabad suka daidaita a kai, don haka samun madadi ba ya wahala. Wajen jera kaya, masu nauyi a ƙasa kuma kusa da gefe, na kullum tsakanin gwiwa da kafaɗa, marasa nauyi da ba a cika nema ba a sama.

In samfurin yana da durowa, a jawo ta a dubi layin da take gudu a kai. Mai ƙaramar tayar roba yana fitowa kashi uku cikin huɗu ne kawai, kuma na kaya marasa nauyi ne. Mai ƙwayoyin boris yana fitowa duka, ya fi ɗaukar kaya, yana bukatar sarari wajen milimita 13 a kowane gefe in za a canza. Amma gindin durowar ne ke fara gazawa, don shi ma allon milimita 3 ne cikin tsagi. Sanda ɗaya a ƙarƙashinsa daga gaba zuwa baya tana hana shi zubewa.

Ruwa shi ne ajalin wannan kabad. Ba ta fuska yake shiga ba, ta bakin ƙasa na gefe biyun da ke zaune kan daɓe yake shiga, kuma nan ne kamfanoni ba sa rufewa tunda ido ba ya gani. Kowane goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma yana ba shi kurɓi ɗaya. Ɓarɓashin ya sha ya kumbura, gam ya saki, melamin ya ɗago ya fara ɓarewa, ko ya bushe kumburin na nan. Kafin a tayar da kabad, a shafe waɗannan bakuna da fenti mai mai ko banish sau biyu, sannan a sa masa ƙafafun roba ya ɗaga daga ƙasa ko da santimita ɗaya ne. Ledar da aka bi bakunan gaba da ita ma a dube ta: siririya ta milimita 0.4 tana ɓallewa da zarar an buge ta, mai kaurin 1 zuwa 2 ta fi jure wahala. In ta fara ɗagowa a manne ta nan take, kafin ruwa ya gano wurin. Akwai allo mai jure laima da akan rina cikinsa kore don a gane shi. Yana jure iska mai danshi, amma zama cikin ruwa shi ma ba ya iyawa. Don ƙarƙashin wurin wanke-wanke ko kusa da banɗaki, wannan kabad bai dace ba sam. In bangon da zai jingina da shi yana tsatsafo da danshi, a bar tazarar santimita 3 zuwa 5 iska ta riƙa ratsawa, in ba haka ba funfuna za ta kama bayan ta shiga tufafi.

Ɗaure shi da bango wajibi ne, ko da masu haɗawa da yawa suna tsallakewa. Zurfinsa 40 ne a kan tsayi 180, ƙofofinsa biyu kuma sun kai kilo 15, da an buɗe su nauyin ya koma gaba. Yaro ya taka kantar ƙasa don ya ɗauko abu a sama, ko babba ya ja ƙofar da ta cije, shi ke nan. A 2016 IKEA ta janye akwatunan durowa miliyan 29 a Amurka, ciki har da samfurin MALM, bayan sun faɗo kan yara sun yi ajalinsu. A ƙarshen 2022 aka sa hannu kan dokar STURDY a ƙasar, wadda daga Satumban 2023 ta tilasta gwajin tsayuwa ga ma'ajiyar tufafi, har da kwaikwayon nauyin yaro mai wajen kilo 27. Don ɗaure kabad ɗin, ƙarfe biyu masu kusurwa a sama sun wadatar. A ɗaure su a rufin kabad ko saman gefe, ba a siririn baya ba. A bangon bulo ko kankare a huda da milimita 8, a sa robar bango da sukuru mai tsawon santimita 6. A bangon allon jifsam kuma a nemo ginshiƙin da ke ciki, yawanci duk bayan santimita 40 ko 60, a ɗaure a jikinsa. A kauce wa layin da ke saman soket ko makunnin wuta, nan waya ke bi.

A ofis, in fayiloli ne kayan, kabad ɗin ƙarfe ya fi shi nesa ba kusa ba. Farantin ƙarfen siriri ne, milimita 0.6 zuwa 0.8, amma an naɗe bakunan kantocin an kuma sa musu ƙarfen ƙarfafawa a ƙasa, shi ya sa da yawa ake rubuta musu kilo 40 zuwa 50. A dubi tsayi: babban fayil na A4 yana cin santimita 32, kanta zuwa kanta sai 33 ko 34, don haka mai tsayin 180 layi huɗu yake ɗauka a sake da ɗan rara a sama, mai son biyar ya nemi na 195 ko kusa da haka. Makullinsa yana tura sanda sama da ƙasa ya kama wuri uku, ba kamar na kabad ɗin allo ba, wanda ko an kulle shi ana iya tura bayan da hannu a shiga. Shi ma da nasa aibin: ƙara, lotsewa in an buge shi, tsatsa a ƙafafu inda fenti ya karce, da murɗewa a daɓe marar daidaito har sandar makulli ta ƙi shiga raminta. Kuma ƙarfe ba ya nufin kariya daga gobara. Siririn faranti zafi yake kaiwa ciki, takardu su ƙone a rufe. Ma'ajiyar da aka gwada don takardu, irin mai shaidar gwajin gobara ta UL 72 aji 350, an yi ta ne yadda cikinta ba zai wuce digiri 177 na Salshiyos ba tsawon lokacin da aka rubuta mata. Kabad ɗin ƙarfe mai durowa huɗu na fayil kuwa, a tabbatar yana da abin da ke hana buɗe biyu lokaci guda, a kuma fara cika shi daga ta ƙasa.

Matsar da kabad ɗin allo ma yana da ƙa'ida. Jan sa a ƙasa cike da kaya yana murɗa gaɓoɓi, makullan juyi su fasa ramukansu, daga ranar kuma rangaji ya fara. A kwashe kaya, a cire kantoci da ƙofofi, mutum biyu su tallabe shi ta ƙasa da gefe. Kada a ɗaga ta rufin, turaku da makulli ne kawai ke riƙe da shi. Warwarewa da sake haɗawa yana jure sau ɗaya ko biyu in an bi a hankali, bayan da aka buga da ƙusa ne dai da wuya ya fita lafiya, sai an yanko sabo.

A wajen saye, hoton kwali ba ya nuna komai, na nuni da aka haɗa a shagon shi ne abin dubawa. A dafa kusurwar sama a tura gefe a ga ko yana lilo. A cire kanta ɗaya a auna kaurinta, a juya ta a ga baki nawa aka rufe. A ƙirga hinjin kowace ƙofa, a leƙa baya a ga falle ɗaya ne ko naɗaɗɗe. A nemi inda aka rubuta kilo nawa kanta ke ɗauka, a tambaya ko ƙarfen ɗaurewa da bango yana cikin kwalin. In kwalin da za a ba ka ya lotse a kusurwa ko yana da shatin ruwa, a buɗe shi a nan take a duba bakunan alluna kafin a ɗora a mota.